Gidan mai ƙusa da zauren Baba

Wankan jego ne ya kai ni Ingila. Da yadda muka taso muka iske ne, ita za ta zo gida Maraɗi goyon ciki, in riƙa tafasa mata ruwa safe da yamma, in dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. To aiki da takardu sun riƙe ta a Bamingam, sai uwar ce ta ƙulle kanwarta da yajinta da kukarta ta hau jirgi. Ɗiyar fari ce, don haka kada kowa ya jira in kama sunanta a nan.

Wata uku na yi can. Da aka yi arba'in zaman ɗaki ya ishe ni, gidan ko tsakar gida babu, tagogi kullum a rufe saboda sanyi. Sai na tsiri sa angon nawa cikin keken jarirai da hantsi, in tura shi zuwa wani dandalin itatuwa da ke kusa da su, tsakanin unguwar Moseley da Kings Heath. Sunan wurin Highbury. Kwana uku ina zagaye ƙasa-ƙasa wajen ruwa, rana ta huɗu na hau tudu, sai ga gida a gabana.

Jan bulo ne tun daga ƙasa har sama, an yi wa bakin tagogi ado da dutse, wasu tagogin kuma samansu ya haɗe da tsini kamar bakan tsohon soro. Rufin ya yi tsayi, bututun hayaƙi tsaitsaye a kansa. Na ɗauka coci ce ko makaranta. Da dare ina ba da labari, surukina ya ce daga bakin ƙofa, don har yau ba ya iya zama inda nake zaune: "Mama, ai gidan mutum ɗaya ne da iyalinsa. Gidan Joseph Chamberlain ne."

Na ajiye cokali. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi a kwaleji kafin in yi ritaya, sunan nan na rubuta shi a allo da alli ban san adadi ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutumin yana da ƙofar gida ba, da matakala, da taga da yake leƙa ruwan sama ta ciki. A wajena suna ne kawai da yara ke haddacewa don jarrabawa.

Bari in faɗi ko wane ne, don na san a makarantunmu na Faransanci ba a cika tsayawa kansa ba. Ɗan kasuwa ne tun farko. Da ƙusa ya yi arziki, irin mai murɗin nan da kafinta ke ɗaure ƙyaure da ita. Kamfaninsu, Nettlefold da Chamberlain, shi ke ƙera mafi yawan wadda ake amfani da ita a Ingila a lokacin. A 1874, yana da shekara 38, ya bar kasuwanci da dukiyarsa ya koma siyasa gaba ɗaya. Ya yi magajin garin Bamingam daga 1873 zuwa 1876, shi ya karɓe ruwa da iskar gas daga hannun kamfanoni ya mayar da su hannun gari, ya rushe lungunan talakawa na tsakiyar birni ya fasa babban titi. Mutanen garin har yau suna ganin girmansa, doguwar hasumiyar agogo ta jami'arsu ma da sunansa ake kiranta.

Gidan kuwa a 1878 aka soma shi, tsakiyar mulkin Sarauniya Biktoriya, wadda ta hau gado a 1837 ta rasu a 1901. Wanda ya zana shi sunansa John Henry Chamberlain, suna ne kawai ya zo ɗaya, ba su haɗa dangi ba. A zamanin nan duk wanda masana'anta ta yi wa kuɗi, abin da yake fara yi shi ne ya gudu daga hayaƙin masana'antar. Sai ya fita bayan gari, inda iska ke da kyau, ya sayi gona ya gina gida a tsakiyarta, ga itatuwa, ga masu aiki, amma kusa yadda keken doki zai kai shi ofis da safe. Maƙwabcinsa a nan Richard Cadbury ne, na cakulan. Duk wanda ya ga yadda alhazan garinmu suka bar tsofaffin unguwanni suka koma Ali Ɗan Sofo suka ja katanga mai tsayi, ya san wannan hali, ba sai an yi masa bayani ba.

Wani abu da ya taɓa ni, ni da jego ya kawo: lokacin da ya gina gidan nan ba shi da mata. Ta farko ta rasu wajen haihuwa a 1863, ta biyu ita ma haihuwa ce ta tafi da ita a 1875. Da marayu shida ya tare. Cikinsu akwai Austen, wanda ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1925, da Neville, wanda ya yi firaminista daga 1937 zuwa 1940, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a hannunsa. Na dubi angona yana barci cikin kekensa, na dubi tagogin saman bene, na yi wa ɗiyata addu'a a zuci.

Wata Asabar aka buɗe gidan ga jama'a, surukina ya kai ni. Da shigarka sai wani babban falo wanda tsayinsa ya haɗe hawa biyu, da baranda ta katako ta zagaye shi daga sama, ɗakuna suna buɗowa a kanta. Ni dai katakon ne ya riƙe ni. An sassaƙa ganye da fure a jikinsa, kuma in ka tsaya ka duba da kyau ba ka samun biyu da suka zo daidai sak, hannun mutum ne ya yi, kamar zanen da maginanmu ke yi da yatsa a fuskar gida tun yaɓe bai bushe ba. Akwai ɗakin karatunsa. A waje kuma aka nuna mana inda ɗakunan gilashi suke a da, inda yake renon wani fure na ƙasashen zafi da ake kira okid. Kullum da ɗaya maƙale a gaban kwat ɗinsa, da tabarau mai ido ɗaya, da su ake gane shi a hoto. Ɗakunan gilashin babu su yanzu.

To ga inda labarin ya zo ƙofar gidanmu. Daga 1895 zuwa 1903 mutumin nan shi ne ministan ƙasashen da Ingila ta mallaka. A ƙarƙashinsa aka kafa rundunar da aka ba Lugga a 1897 don a tare Faransawa a yankin Kwara. A ƙarƙashinsa Lugga ya zama babban kwamishinan Arewa ranar 1 ga Janairun 1900. Yana kan kujerar Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yuli. Kuma yana kan kujerar, yana matsa wa gwamnatinsu kada ta sassauta, aka sa hannu a Faris ranar 14 ga Yunin 1898 kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Hausa tsakanin Ingila da Faransa. An kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato, aka ja baka mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, sannan aka bi layukan taswira zuwa tafkin Cadi. Waɗanda suka ja layin ba wanda ya taɓa shan ruwan gulbinmu. A wannan rabo Maraɗi a gefen Ingila ta faɗa.

Abin da ya juya mu kifi ne. Faransawa suka ga layin ya tura su cikin ƙasar da babu rijiyoyi, ba su da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Suna kuma da wani tsohon haƙƙi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada, wanda Ingila ke son su saki. Ranar 8 ga Afrilun 1904 aka daidaita: Faransa ta saki gaɓar kifi, Ingila ta ba ta wasu ƴan tsibirai a gaban Konakiri, da wani yanki a Gambiya, ta kuma yarda a sauko da iyakar nan kudu, har aka rubuta cewa mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram a bar wa Faransa su. Chamberlain ya riga ya sauka wata bakwai kafin nan, wannan ba da hannunsa ba. Daga baya aka gyara a 1906, aka bi ƙasa ana kafa turaku. Shi ya sa na yi karatu da Faransanci, ɗiyar ƙanwar innarmu da ke Jibiya ta yi da Ingilishi. Shi ya sa ake tsayar da mu a Ɗan Isa in za mu gaisuwar mutuwa Katsina, garin da kakanninmu suka fito. Shi ya sa da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, aka yi bukukuwa a danginmu da rabin dangi.

Ban ce a kan teburin ɗakin karatun nan aka ja layin ba, kada wani ɗalibina ya kama ni da ƙarya. Amma nan mutumin ke dawowa in majalisa ta tashi, nan yake tara manyan siyasa su ci abinci su ƙulla abin da za su ƙulla. Ina tsaye a ɗakin sai na ji zuciyata na tafasa. Na ce wa surukina ya faɗa wa dattijuwar da ke zagayawa da mu, cikin masu aikin sa kai, cewa daga Maraɗi nake, garin da aka bayar a bakin kifi. Kunya ta kama shi, ya fassara rabi ya haɗiye rabi, sai na ƙarasa da Faransanci, ashe tana ji kaɗan-kaɗan. Ta ciro waya ta nemo Maraɗi a taswira, ta faɗaɗa da yatsa har layin iyaka ya fito, muka tsaya mu uku muna kallonsa. Ta ce in sake faɗin shekarun a hankali, ta rubuta a bayan takardarta.

A hanyar komawa na yi ta juya abin. Da farko cewa na yi, don me ake kashe kuɗi ana lallashin gidan mutum irin wannan? Kafin mu kai gida na ba kaina amsa. Da sun rushe shi sun yi wurin ajiye motoci, a ina zan tsaya in faɗi maganar kifin nan har wata ta rubuta? Littafi yana faɗa maka abin da marubucinsa ya ga dama. Gida kuwa ba ya iya zaɓe. Faɗin falon ya gaya mini yawan kuɗin da ƙusa ke kawowa. Ƙananan matakalun baya sun gaya mini akwai waɗanda ke hawa da ruwan zafi ba a son a gan su. Ban fito ina ƙaunar mai gidan ba, amma na fito na san shi fiye da sanin shekara talatin na alli da allo.

Gidan ma bai tsaya a kansa ba. Ya rasu a 1914, yaƙin duniya na farko ya tashi a shekarar, aka mayar da wurin asibitin sojojin da suka ji rauni. A 1932 ya koma hannun hukumar birni, ya daɗe yana gidan kula da tsofaffin mata. Daga baya ya zama wurin biki da taro. Tsofaffin matan nan da suka ƙare kwanansu suna kallon itatuwan ta taga, su ma gidansu ne, sun ma fi wasu ƴaƴan mai gidan daɗewa a ciki.

Surukina ya yi mini bayanin yadda suke tsare irin waɗannan gine-gine. Tun bayan yaƙin duniya na biyu, da dokar 1947, suke da rajista. A Ingila kawai akwai gini kusan dubu 400 a ciki, hawa uku: mataki na ɗaya, mataki na biyu mai tauraro, da mataki na biyu, wanda ya kwashe fiye da kashi 90 cikin ɗari. Highbury na biyu mai tauraro ne. In gidanka ya shiga rajista, naka ne, kana iya sayarwa, kana iya bayar da haya, amma ba ka rushewa ko ka sauya masa kama sai da izini, in ka yi kuwa laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Sai dai rajista ba ta toshe yoyo. Highbury ɗin kansa ya kai ga shiga jerin gine-ginen tarihi da ke cikin haɗari, a lokacin akwai wata ƙungiyar amintattu da ke ta neman kuɗin gyara. Ko a can ɗin, tsohon gida ciyar da shi ake yi kamar doki.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan: ashe su ma sun taɓa raina gine-ginen zamanin Biktoriya. A shekarun 1950 da 1960 ana ganinsu kayan kakanni ne masu duhu da tarkacen ado, masu cin gawayi, ana ta rushe su ana dasa dogayen akwatunan siminti. Sai a 1958 wasu suka kafa ƙungiyar kare su, cikinsu har da mawaƙi John Betjeman da masanin gine-gine Nikolaus Pevsner. Sun yi kuka kan babbar ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan, ba a saurare su ba, aka rushe ta tsakanin 1961 da 1962. Tashar St Pancras da kyar ta sha, aka sa ta a mataki na ɗaya a 1967, yau daga cikinta jirgi ke tashi zuwa Faris ta ƙarƙashin teku. Na yi lissafi da yatsu. Lokacin da ake wannan rushe-rushe, gidaje irin Highbury shekararsu tamanin ne da ɗoriya. Sun tsufa har an gaji da su, ba su tsufa yadda za a ji tsoron taɓa su ba. Wanda ya gina ya mutu, ƴaƴansa sun tsufa, jikoki kuma fili kawai suke gani.

Ina cikin wannan lissafi saƙon murya ya shigo rukunin gidanmu na WhatsApp. Yaya ne. Ya ce tunda Inna ta cika shekara da rasuwa, lokaci ya yi da za a raba gidanmu na gado da ke unguwar Bagalam. Shawararsa a rushe gaba ɗaya, a fitar da shaguna huɗu a bakin titi, baya kuma a sayar a raba kuɗi. Gidan shekararsa tamanin ba kaɗan.

Wanda bai san Maraɗi ba zai ce gidan shekara tamanin ai jiya ne. Garin da Katsinawa suka kafa da Ɗan Kasawa tun wajen 1819, bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina, garin Sarki Ɗan Baskore, ina tsofaffin gine-ginensa? Gulbi ya cinye su. Tsohon gari a fadama yake, ruwan 1945 ya shafe shi, Nasara suka hau da mutane kan tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka yanka wa kowa fili. Unguwanni suka hau da sunayensu, Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Mokoyo, Limanci, amma bangayensu sun narke a ƙasa. Damagaram tana da Birni da fadarta, Agadas ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, Katsina tana da Gobarau, Kano tana da Gidan Makama. Mu kuwa gidajen ƙasan nan da aka gina bayan ruwa, waɗanda muke turewa ɗaya bayan ɗaya muna dasa shagunan bulo, kusan su ne mafi tsufan abin da muke da shi a tsaye.

Kakanmu ya gina namu da hannunsa da na maƙwabta, shekarar da aka hau tudu. Baba ne ya ƙara zauren da kuɗin gyaɗa. Ɗan kamasho ne, yana saye daga ƙauyuka yana kai wa kamfanin Nasara, daga nan motoci su kwashe zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai Ikko, ta haye teku ta zama mai da sabulu. Zauren ba wani babba ba ne, taku bakwai ne a shida. Amma kaurin bangonsa ya kai kamu biyu daga ƙasa, rufin azara ne da aka jera kamar saƙar tabarma, da baka biyu da suka gicciye a tsakiya, da zanko huɗu a kai, ɗaya ya karye tun ina yarinya. A azarar tsakiya akwai ƙugiyar ƙarfe inda ake rataye sikeli. A bangon hagu, daidai kafaɗar mutum in yana zaune, akwai zane-zanen da Baba ke yi da ƙusa yana ƙirga buhu, biyar-biyar, layi bisa layi. Layukan suna da yawa a sama, suna raguwa in ka sauko, sannan su tsaya cak. Fari na 1973 da 1974 ke nan, da cutar da ta bi gyaɗa bayansa. Daga nan alhazan garin nan suka juya ga fataucin kaya zuwa Nijeriya, Baba kuwa bai iya wannan ba, ya zauna a dakali har Allah ya karɓi abinsa. Na koyar da faɗuwar gyaɗa a aji da jadawali da alkaluma, alhali ga ta rubuce a bangon gidanmu da ƙusa.

A zauren nan aka ɗaura auren mu mata tara. A nan aka raɗa wa ɗiyar tawa suna. A nan aka ajiye makarar Baba, da ta Inna.

Da na dawo na je na gaida Yaya, na kawo maganar a hankali, har da labarin Highbury. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "Malama, kin je ƙasar masu kuɗi kin ga abin masu kuɗi. Mu goma sha huɗu ne a gadon nan. Biyu zawarawa ne, ɗaya ya bar marayu biyar. Tarihi na biyan kuɗin lakwal? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kina gidan siminti a unguwar Zariya, ni ke zuwa da dare in hadari ya haɗu in ga ko bango ya jiƙa."

Ban da abin cewa, don bai faɗi ƙarya ba. Kowa a garin nan ya ga daminar 2024. Mun ga gidajen ƙasa sun zauna a kan masu su, mun je gaisuwa. A Damagaram tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin, ya rushe a farkon Satumba mutane suna ɗauka da waya. Ƙasarmu tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma ba wanda zai zo ya rubuta zauren ɗan kamashon gyaɗa a wata rajista, balle ya ba da ko dala ta yaɓe. Kuma ni kaina da nake wannan magana, da na tashi gini ai bulo na saya. Ina jin haushin masu zuwa daga waje su ce a bar talaka cikin gidan ƙasa don yana yi musu kyau a hoto. Ban so in zama ɗaya daga cikinsu don kawai na yi wata uku a Bamingam.

Saboda haka ban nemi a bar gidan duka ba. Ɗakunan ciki sun gama yayinsu, gara ta ci wasu, wasu an riga an yi musu kwano. Zauren kawai na roƙa. Matsalar ita ce yana bakin titi, wurin shago ɗaya cif, kuma nan ne tsadar filin take. Da malamin da ya zo rabo ya yi lissafi, rabona na mace bai kai ba. Kwana biyu ina bin ƴan'uwana mata ɗaki-ɗaki. Ɗaya ta ce ita kuɗi take so, kuma ban ga laifinta ba. Biyu suka yarda suka haɗa nasu da nawa, ɗayarsu ma ba don tarihi ba, cewa ta yi ba ta iya ganin ana sayar da taya a inda aka sallaci Inna. Rabon mata uku ya sayi zaure ɗaya, har da ɗan canji.

Neman magini ya fi rabon wuya. Duk wanda aka nuna mini a cikin gari bulo ya iya. Sai a wani ƙauye ta hanyar Tibiri aka samo mini wani tsoho, ya zo a bayan kabu-kabu da jikansa. Bai yi magana ba sai da ya zagaya sau biyu yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. Da ya zo fuskar titi, inda Baba ya sa aka shafe da siminti lokacin ina kwaleji don gidan ya yi kama da na zamani, sai bangon ya amsa kamar ganga.

"Hajiya, wa ya sa mashi wannan riga?"

Na ce mai gidan ne da kansa, Allah ya jiƙansa.

"Amin. To ita ke kashe shi. Ƙasa numfashi take. In ruwa ya shiga ta tsaga, siminti ba ya bari ya fita, sai ta ruɓe daga ciki kina ganin waje lafiya lau."

Ya ce a ɓamɓare simintin duka, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana bakwai ana takawa, a yi yaɓe, a bi da makuba. Azara biyu gara ta cinye, sai an sauya, kuma giginya ta yi wuya yanzu, sai dai a sayi tsofaffi daga gidan da ake rushewa. Ba mu yi nisa wajen nema ba, daga ɗakin Inna aka ciro su ranar da aka ture shi. Na roƙe shi abu ɗaya, kada a taɓa bangon hagu daga ciki. Ya duba zanen ƙusar ya ce, "Buhu ne ko bashi?" Na ce buhu. Ya ce nasu uban bashi yake zanawa.

Jika ɗari da wani abu aikin ya ci, kuma ya gaya mini gaskiya cewa duk shekara biyu sai an sake yaɓe, in ba haka ba kada in kira shi ranar da ya faɗi. Jikan nasa, wanda ya zo yana ta latsa waya, shi ya hau ya gyara zankon da ya karye, kakan yana daga ƙasa yana yi masa faɗa.

Yanzu in ka bi titin za ka ga shaguna uku na bulo da ƙofofin ƙarfe, mai taya, mai sayar da waya, da ɗaya da ba a kama ba tukuna, sannan a ƙarshensu wani jan zaure da ƙahoni huɗu kamar an manta da shi. Bayansa fili ne na wani, ya riga ya zuba yashi da tsakuwa. Ƙofar cikin zauren, wadda a da in ka bi ta za ka ji ƙamshin tuwon Inna, yanzu bango take kallo. Wani malamin allo na unguwar ya roƙa yara su riƙa karatun dare a ciki, muka ba shi mabuɗi, da sharaɗin kada a hura wuta kusa da azara kuma kada yaro ya ƙara ko layi ɗaya a lissafin Baba. Na aika wa surukina hoto, ya ce zai nuna wa dattijuwar nan in an sake buɗe gidan.

Ran nan cikin bazara, wuta ta ɗauke tun safe, na biya da azahar in duba ko yaɓen ya tsage. Na iske takalman Yaya a bakin ƙofa. Yana kwance a kan tabarma ƙarƙashin ƙugiyar sikeli, hula a kan fuska, rediyo na magana a gefensa. Na juya zan fita a hankali sai ya ce, bai ko ɗaga hular ba: "Malama, ki gaya wa tsohon nan naki ya zo ya juya indararon gabas kafin ruwa ya sauka. A ƙofar mai taya yake zuba."